Fankar lagireto ta lantarki mai inci 16: fankar ta yi, kayan da ke rakiyarta ne ba su yi ba

Fankar da nake magana a kanta irin wadda ake sayarwa ce a matsayin ta kowace mota, mai faɗin inci 16, wato kimanin santimita 40, mai aiki da volt 12. Tana zuwa ne a kwali guda tare da rile (makunnin da ƙaramar wuta take kunnawa domin ya saki babbar wuta), da fiyus, da makunnin zafi, da 'yan wayoyi, da wasu tsinkayen roba huɗu da ake cusawa ta cikin saƙar lagireto domin su riƙe ta, sai kuma takarda shafi ɗaya mai zanen haɗin waya ba tare da wani bayani na kirki ba. Ba zan ambaci sunan da aka buga a kwalin ba, domin irin wannan kaya yana yawo da sunaye daban-daban alhali siffarsa ɗaya ce, kuma abin da zan faɗa ya shafi jinsin gaba ɗaya. Na ɗaura ta a gida a kan tsohuwar mota mai silinda huɗu, mai injin fetur a miƙe, wadda kulocin fankarta ta asali ya mutu, kuma na yi amfani da ita tsawon lokacin da ya isa mutum ya yanke hukunci. Fankar ta yi aikin da aka saye ta dominsa, amma kusan duk abin da aka haɗo ta da shi bai kai matsayin da zan damƙa masa amanar injin mota ba.

Dalilin da ke kai mutum ga wannan canji sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama cikin cunkoson motoci yana kallon allurar zafi tana hawa. Fankar da bel yake juyawa saurinta yana bin saurin inji ne, saboda haka a lokacin da mota take tsaye injin yana silo, babu iskar da gudu yake turowa ta gaba, a nan ne fankar take juyawa a hankali fiye da kowane lokaci. Idan kuwa aka hau babbar hanya, inda iskar gudu kaɗai ta wadatar, sai ta riƙa juyawa da ƙarfi tana cin ƙarfin inji a banza. Masu ƙera motoci sun daɗe suna neman maganin wannan. Wasu sun saka kuloci mai man silikon a tsakiyar fankar, da wani lanƙwasasshen ƙarfe a fuskarsa wanda yake motsawa idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, sai man ya kwarara tsakanin faifan kulocin ya kama fankar. Peugeot ta bi wata hanyar a motocinta irin 404 da 504, inda maganaɗisun lantarki yake kama fankar idan ruwa ya yi zafi, ya sake ta idan ya huce. Amma abin da ya yaɗa fankar lantarki sosai shi ne kwantar da inji a gicciye, kamar yadda Fiat ta yi a motarta 128 a 1969, Volkswagen kuma ta yi a Golf a 1974, domin idan fulin inji yana kallon gefen mota, ba abu ne mai sauƙi ba bel ya juya fankar da ke bayan lagireton gaba.

Tun kafin a buɗe kwali ya kamata mai mota ya tabbatar cewa ciwon motarsa na fanka ne, domin wannan kaya ba ya warkar da kowane irin zafi. Da zarar gudu ya wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa, iskar da ke shigowa ta gaba ta isa ta yi aikin a yawancin motoci ba tare da taimakon fanka ba. Motar da take zafi a kan buɗaɗɗiyar hanya, ta huce idan an rage gudu, matsalarta tana wani wurin: ko bututan lagireto sun toshe da tsatsa da laka, ko tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ba ya buɗewa sosai, ko fuka-fukan famfon ruwa sun cinye, ko gasket ɗin kan inji ya ƙone yana tura hayaƙi cikin ruwa. Har murfin lagireto, wanda mutane ba sa ɗaukarsa a bakin komai, yana da hannu, domin matsin kimanin bar 1 da yake riƙewa shi ne yake ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan robarsa ta mutu ruwan zai tafasa ko da wace irin fanka aka ɗaura. Motar da wannan kaya zai yi wa amfani ita ce wadda take lafiya lau a kan gudu, sai an tsaya ko ana jan jiki a cunkoso allurar take tashi.

Fankar kanta ba ta da muni a hannu. Jikinta baƙar roba ce mai tauri, fuka-fukanta masu lanƙwasa ne, haɗe da zobe a gefensu, moton da ke tsakiya kuma siriri ne, kaurinta gaba ɗaya bai wuce santimita 8 ba, abin da ke da muhimmanci a motar da tazarar lagireto da inji ba ta da yawa. Fuka-fukai masu lanƙwasa sun fi miƙaƙƙu rashin ƙara, ko da yake miƙaƙƙun sukan fi iya tura iska ta cikin lagireto mai kauri. Na juya ta da hannu ban ji gogayya ba, na haɗa ta da batir a ƙasa ban ga tana rawa ba, alamar an daidaita nauyin fuka-fukan yadda ya kamata.

Inda shakka ta kama ni shi ne adadin da aka buga a kwali. Ana auna iskar fanka da CFM, wato kubik ƙafa nawa na iska take turawa a minti ɗaya, kuma kwalin ya yi iƙirarin 3,000, alhali a jikin moton an rubuta wat 120. Wat 120 a kan volt 12 amfiya 10 ke nan, kuma kusan haka mita ta nuna mini. Fankoki masu ƙarfi na kamfanonin da aka sani da wannan sana'a, irin su SPAL na Italiya, masu wannan faɗi na inci 16, suna jan amfiya kusan 20 kafin su ba da CFM wajen 2,000. Ƙa'idar fanka kuwa ba ta da sassauci: iskar tana ƙaruwa daidai da saurin juyawa, amma wutar da ake buƙata tana tashi da sauri ƙwarai fiye da haka, har idan ana son ninka iska sau biyu a kan fanka guda sai an ninka wuta kusan sau takwas. Babu yadda moton da ke cin rabin wutar wancan zai ba da iskar da ta fi tasa da rabi. Bugu da ƙari, irin wannan adadi ana samunsa ne a sarari, babu komai a gaban fankar, da zarar an jingina ta da saƙar lagireto, a ƙara da kwandensar esi a gabansa, sai iskar ta ragu sosai. Masu sayar da fankoki suna da wani ƙiyasi da suke ba masu saye, cewa inji mai silinda huɗu yana buƙatar CFM wajen 1,250, mai shida wajen 2,000, mai takwas kuma daga 2,500 zuwa sama. A ganina wannan fanka a sahun inji mai silinda huɗu take, ko me kwalinta ya ce. Wanda yake son sanin ƙarfin fanka na gaskiya ya fara duba amfiyar da take ja kafin ya kalli CFM.

An ce ana iya ɗaura ta a bayan lagireto ta riƙa jan iska, ko a gabansa ta riƙa turawa, kuma gaskiya ne, sai dai takardar ba ta faɗi duka ba. Ɗaurawa a baya, ta ɓangaren inji, ita ta fi, domin fankar da ke gaba tana tare iskar gudu da jikinta, kuma aikinta bai kai na mai ja ba. Ba a komawa gaba sai idan wuri ya ƙi samuwa a baya. Abin da takardar ta ɓoye shi ne, musanya wayoyin biyu kaɗai ba ya mai da mai ja ta zama mai turawa yadda ya kamata. Moton zai juya baya, iska za ta fita ta ɗaya ɓangaren, amma fuka-fukan suna da ciki da baya, saboda haka sai an cire su an kife kafin su ba da cikakken ƙarfinsu. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: a kunna fankar a kawo takarda gaban lagireto, idan ta manne to iska tana bin hanyar da ta dace, idan kuwa ta ture ta, fankar tana faɗa da iskar gudu ke nan, kuma motar za ta fi yin zafi a kan hanya fiye da lokacin da babu fanka sam.

Cire tsohuwar fanka bai ɗauki lokaci ba. A fara cire wayar batir mai alamar ɗebewa, a bar injin ya huce sarai. A motata notuna huɗu ne suke riƙe da kulocin, kuma su ne dai suke riƙe fulin famfon ruwa, don haka dole a mayar da su bayan an cire fankar, tare da wosha idan tiredin ya yi saura, in ba haka ba fulin zai yi lilo ya yar da bel. A wasu motocin babban noti ɗaya ne, kuma a irin su tsofaffin BMW tiredinsa na hagu ne, wanda bai sani ba zai ƙara ɗaure shi yana zaton kwancewa yake yi. Tsakanin moton sabuwar fankar da hancin famfon ruwa a bar tazarar santimita 2 zuwa 3 aƙalla, domin inji yana motsi a kan robobinsa idan an taka birki da ƙarfi ko an faɗa rami.

Tsinkayen robar nan huɗu su ne abu na farko da na ajiye gefe. Tsarinsu shi ne a soka su ta tsakanin siraran bututan lagireto, a danna wani maɓalli na roba a ɗaya ɓangaren, fankar ta rataya a jikin saƙar. Aikin minti goma ne, shi ya sa ake son su. Amma saƙar lagireto ba a yi ta domin ɗaukar nauyi ba. Bangon bututanta na alminiyam ko na tagulla bai kai kaurin milimita ɗaya ba, nauyin fankar kuma yana girgiza a duk ramin da aka shiga da duk lokacin da moton ya tashi. A hankali tsinken yana goge bututun da ke kusa da shi har ya huda shi, sai ruwa ya fara ɗiga a wurin da ba a iya gani sai an cire fankar. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Na yanka siraran sandunan ƙarfe biyu, na lanƙwasa bakinsu, na ɗaure su a gefunan lagireto inda tsohon gidan fanka yake kamawa, sannan na ɗaure fankar a kansu da ƙusoshi da notuna masu roba a ciki waɗanda girgiza ba ta kwance su. Wannan ƙarin aiki ne da ke buƙatar abin huda ƙarfe da zarto, kuma kamata ya yi a ce irin waɗannan sanduna suna cikin kwalin tun farko.

Akwai kuma batun gidan fanka, wanda kwalin bai zo da shi ba, bai ma ambace shi ba. Da'irar santimita 40 faɗinta kimanin santimita murabba'i 1,250 ne, saƙar lagireto mai tsawon 60 da tsayin 40 kuwa 2,400 ce, wato fankar da aka manna kai tsaye rabin saƙar kawai take ja wa iska idan mota tana tsaye, kusurwoyi huɗu suna nan da zafinsu. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce fanka ta rufe wajen kashi 70 cikin 100 na saƙar. Gida mai zurfin santimita 2 ko 3 wanda ya rufe bayan lagireton duka, da rami a tsakiya daidai girman fankar, yana sa ta jawo iska ta ko'ina. Sai dai gidan da aka rufe ruf yana hana iskar gudu fita, shi ya sa na motocin zamani suke da 'yan ƙofofin roba a kusurwa, waɗanda iskar gudu take buɗewa, jan fankar kuma ya rufe su. Wanda ba zai iya yin gida ba, aƙalla ya zagaye bakin fankar da soso mai jure zafi, domin duk tazarar da aka bari tsakaninta da saƙar, ta nan za ta riƙa zuƙo iskar cikin bonet maimakon ta jawo ta waje.

Babban aikin dai na wuta ne, ba na sifana ba, kuma a nan ne kwalin ya fi gazawa. Rilen da aka saka irin na gama-gari ne mai ƙafa biyar, da lambobin da suka samo asali daga ƙa'idar Jamus ta DIN 72552. Ƙafa mai lamba 30 tana karɓar wuta daga batir ta cikin fiyus, 87 tana kai ta ga fankar, 86 tana samun wuta daga layin da ke kawowa idan an murɗa makulli, 85 kuma tana zuwa makunnin zafi, wanda yake haɗa ta da jikin mota, inda wuta take bi ta koma batir, idan ruwa ya kai zafin da aka ƙayyade. Ta biyar, 87a, ba a amfani da ita a nan. Hikimar rile ita ce, wutar da ke bi ta makullin mota da makunnin zafi ba ta kai rubu'in amfiya ba, babbar wutar kuma tana tafiya gajeriyar hanya daga batir zuwa fanka. Masu tsallake rile su haɗa fanka kai tsaye da layin makulli suna ƙona makullin a hankali, kuma wani lokaci sukan ga abin mamaki: a kashe mota a zare makulli amma injin ya ci gaba da aiki na 'yan daƙiƙoƙi, domin fankar da ba ta gama tsayawa ba ta zama ƙaramin janareto tana mayar da wuta cikin layin.

Rilen bai ba ni matsala ba. Wayoyin ne abin takaici. Rigarsu tana da kauri, amma da na fere ta sai na tarar da abin da ke ciki bai wuce milimita murabba'i 1.5 ba, da na kankare silin kuma sai ga fari a ƙarƙashin ja, wato alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Alminiyam kimanin kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka, kuma yana saurin karyewa a wurin da ake girgiza. A kan wannan siririyar waya aka ɗora fiyus na amfiya 30. Aikin fiyus kuwa kare waya ne, ya tsinke kafin ta yi zafin da za ta narkar da rigarta, saboda haka babban fiyus a kan ƙaramar waya kusan daidai yake da babu. Na maye gurbinsu da wayar jan ƙarfe zalla mai milimita murabba'i 4 da fiyus na amfiya 20, wanda ya isa ya jure fizgar da moto yake yi a lokacin tashi, domin a wannan ɗan lokaci yakan ja ninki biyu ko uku na abin da yake ci idan ya daidaita. Fankar da ke jan amfiya 20 kuwa tana buƙatar waya mai milimita murabba'i 6 da fiyus na 30 ko 40. Fiyus ɗin a kusa da kan batir ake saka shi, bai wuce taƙi ɗaya ba, domin duk wayar da ke tsakaninsa da batir ba ta da kariya. Wayar da ke komawa jikin mota ita ma kaurinta ɗaya da mai kawo wuta, a kankare fenti a ɗaure ta a kan ƙarfe tsirara. Bayan an gama, a auna da mita fankar tana juyawa: idan batir yana nuna volt 14, a bakin fankar kada ya gaza 13.5, abin da ya ɓace fiye da haka zafi ne yake zama a wani haɗi. Ba na ganin wannan ya fi ƙarfin mai gyara a gida, amma wanda bai taɓa matse kan waya da filayar da aka yi domin haka ba, gara ya yi aikin ƙarfen da kansa ya bar wa riwaya na wutar.

Makunnin zafi shi ne abin da ya fi buƙatar tunani, kuma takardar ba ta ce uffan a kansa ba. Wanda ya zo a kwalin yana kunna fanka a digiri 85, ya kashe ta a 75. Tamostat ɗin motata kuwa a digiri 82 yake fara buɗewa, aikinsa kuma shi ne ya hana ruwan cikin inji sauka ƙasa da haka. Idan aka ɗaura wannan makunni a kan inji ko a tiyon sama, inda ruwa mafi zafi yake fita, fankar za ta kunnu a 85 sannan ta yi ta jiran 75 da ba zai zo ba, ta yi ta juyawa har a kan babbar hanya, amfanin canjin gaba ɗaya ya tafi, moton kuma ya tsufa da wuri. Abin da ya dace shi ne zafin kashewa ya kasance sama da zafin buɗewar tamostat. Na sayi makunni mai kunnawa a 92 da kashewa a 87, irin wanda ake samu a motocin Turai da yawa, na ɗaura shi a wani gajeren bututun alminiyam da ake yanka tiyon sama a saka a tsakiya. Makunnin 85 da 75 yana iya dacewa a tiyon ƙasa, inda ruwa ya riga ya ratsa lagireto ya huce, kuma wasu suna ganin can ne ma ya fi, tunda fanka za ta tashi ne kawai idan lagireton ya kasa da kansa. Akwai wani nau'in makunni mai tsinken ƙarfe da ake sokawa tsakanin saƙar, ba ya buƙatar zubar da ruwa, amma zafin ƙarfe da na iska yake ji, ba na ruwa ba, kuma yakan zame daga wurinsa. Wani ƙaramin abu da ke rikita mutane shi ne, makunni mai waya ɗaya ta tiredinsa yake samun jikin mota, don haka idan aka naɗe shi da farin tef ɗin masu aikin famfo, ko aka saka shi a bututun da ke tsakanin tiyo biyu na roba ba tare da an ja masa wayar jiki ba, yana iya ƙin kunna fankar sam. Bayan an yanka tiyo an mayar da ruwa, sai an bar injin yana aiki murfi a buɗe har tamostat ya buɗe iska ta fita, domin makunnin da kumfar iska ta kewaye ba ya jin zafin gaskiya. Murfin kuwa ba a taɓa buɗe shi inji yana da zafi.

Mota mai esi tana buƙatar fankar ta tashi duk lokacin da kwamfireso ya kama, ko da ruwa bai yi zafi ba, in ba haka ba matsin gas zai hau idan an tsaya, sanyi ya ɗauke. Kwalin bai tanadi wannan ba. Hanya mafi tsafta ita ce ƙara rile na biyu, wanda wayar kulocin kwamfireso take kunnawa, shi kuma ya haɗa ƙafa 85 ta rilen farko da jikin mota. Game da ƙafa 86, wasu suna ba ta wuta kai tsaye daga batir domin fankar ta ci gaba da juyawa bayan an kashe mota. Ni ban zaɓi haka ba, domin idan famfon ruwa ya tsaya, ruwan lagireto kawai fankar take hucewa, sannan makunnin da ya maƙale zai shanye batir cikin dare, ga kuma hatsarin fankar ta tashi hannun mutum yana kusa da ita.

Maganar rage shan mai, wadda aka rubuta da manyan haruffa a kwalin, a ɗauke ta da sauƙi. Wutar fankar daga altaneto take fitowa, altaneto kuma inji ne yake juya shi. Amfiya 10 a volt 14 wat 140 ne, ƙarfin doki ɗaya kuma wat 746, ko da an ninka saboda asarar da ke cikin altaneto, abin bai kai rabin doki ba, kuma ba kullum take kunne ba. Tabbas hakan ya yi ƙasa da abin da fankar bel take ci idan kulocinta ya kama inji yana gudu, amma ban ga bambancin da zan iya rantsuwa a kansa a allurar mai ba. Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne ƙarfin altaneton kansa. Na tsofaffin motoci da yawa amfiya 45 zuwa 60 ne, kuma a silo ba ya ba da cikakken wannan adadi, alhali a silo ne fankar take aiki. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kowace suna cin wajen amfiya 9, ga fankar cikin mota, ga kulocin esi. A motata fitilu suna ɗan dusashewa na ƙiftawar ido idan fankar ta tashi da dare, sannan su dawo, wanda ya nuna lissafin ya tsaya a kan iyaka, kuma da fanka mai amfiya 20 ce da sai an canza altaneton.

A wajen amfani, bayan duk waɗannan gyare-gyare, ba ni da ƙorafi. A cunkoso allurar tana hawa kaɗan sama da tsakiya, fankar ta tashi, ta yi kamar minti ɗaya ko biyu, allurar ta sauko, ta mutu. A kan hanya ba ta tashi sam. Rurin da tsohuwar fanka take yi idan an ba da wuta ya tafi, gaban injin kuma ya sami sarari, canza bel ya zama abu mai sauƙi. Ƙararta ana jin ta daga waje, amma ba ta damun wanda ke ciki. Duk da haka ba zan ba mai babbar mota shawarar saye ba, musamman wadda take jan tirela ko hawan dutse da kaya a ƙaramin giya. A irin wannan hali inji yana gudu mota tana tafiya a hankali, fankar bel mai lafiyayyen kuloci tana jan iskar da ta ninka ta wannan, kuma sabon kuloci shi ne gyaran da ya dace da ita.

Akwai bambanci ɗaya da mai canzawa zai riƙa tunawa, wato yadda kowace take mutuwa. Kulocin fankar bel a hankali yake rauni, yana ba da alama tsawon watanni. Fankar lantarki kuwa fiyus ɗaya, ko rile, ko kan waya da ya yi tsatsa, ya isa ya tsayar da ita nan take ba tare da wata ƙara ba, direba ba zai sani ba sai allura ta kai ja. Saboda haka na ja siririyar waya daga ƙafa 87 zuwa wata ƙaramar fitila a gaban direba, wadda take kamawa duk lokacin da wuta ta tafi ga fankar, na kuma ƙara makunnin hannu da ke haɗa ƙafa 85 da jikin mota idan makunnin zafi ya ƙi aiki. A aljihun mota akwai rile da fiyus na ajiya, da guntuwar waya mai kauri mai kai a kowane baki, wadda idan rilen ya mutu a hanya ake zare shi a haɗa ramin 30 da na 87 da ita, fankar ta yi ta juyawa har a isa inda za a gyara, sannan a zare wayar da zarar an kashe mota domin kada ta shanye batir.